Wai "tsani a cikin ido" yabo ne? A taimaka a fassara mana waƙar bikin ƙanwata

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma da gaske nake. Ranar Asabar aka yi kamun ƙanwata. Ango ya sa wani yaro mawaƙi ya yi musu waƙa ta musamman, aka saka ta a lasifika har sau huɗu. Muryar yaron ba laifi, kiɗan ma ya yi daɗi, mata sun taka. To amma ku ji amshin:

Ke ce alkyabbar numfashina,
Kin zam tsani cikin idanuna,
Agogo na kuka a jinina,
Amarya ke ce tafkin hannuna.

Gwaggonmu tana kusa da ni, ta dafa gwiwata ta ce, "Ke Ummu, tsani ya ce ko tsami?" Na ce tsani ya ce, Gwaggo. Ta ce, "A ido? 'Yar tamu ce ta zama tsani a idon mijinta? Ai wannan sai a kai shi asibiti a cire masa." Layinmu gaba ɗaya ya kwashe da dariya, amma ita ko murmushi ba ta yi ba, ranta ya ɓaci sosai. Da aka tashi na sa ƙawar amarya ta tambayi mawaƙin ma'anar. Ya ce wai waƙa ce mai zurfi, sai masu nazari. To ga shi na kawo wa masu nazari. Ni ce ban iya Hausa ba, ko kuwa babu komai a ciki?

Ɗan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Anti Ummu, Hausarki lafiya lau take. Agogon da ke kuka a jini batir ɗinsa ne ya yi sanyi, a canza masa.

Maman_Walid:
Wallahi Gwaggo ta biya ni. Ni "tafkin hannuna" ne ya fi tsaya mini. Gumi yake nufi?

Baban_Ikram:
Babu wani zurfi. Yaron "na" yake nema a ƙarshen kowane layi, shi ke nan. Numfashina, idanuna, jinina, hannuna. Da layi na biyar ya zo, da kun ji "kin zam buhun gawayina". Abin da ya sa wannan cuta ta yi yawa a waƙoƙin yanzu shi ne kalmomin Hausa kusan dukkansu da wasali suke ƙarewa, don haka amsa-amo ba ya wahalar samu. Ka liƙa "na" ko "ni" ko "ya" a ƙarshe, ka gama. Sauran layin kuma sai a cika shi da duk abin da ya faɗo baki.

Sadik_Fiyano:
Ku yi mana adalci dai. Shekara tara ina buga fiyano a situdiyo, bari in gaya muku yadda waƙar biki take haihuwa. Ango zai zo ranar Laraba, biki Asabar. Zai miƙo takarda: sunan amarya, sunan babarta, ƙawaye goma sha biyu, abokan ango, unguwarsu, har da kawun da ya ba da gudummawar gado. Ya ce kowa sai an ambace shi. Ni zan fara haɗa kiɗa, mawaƙi yana gefe yana "la la la" har karin ya zauna masa. Sai a dawo a zuba kalmomi cikin "la la la" ɗin nan, kamar yadda ake zuba siminti a mazubin bulo. Ana cikin haka a ɗauke wuta, a tada janareto, mai yana ƙonewa, wani mawaƙin yana waje yana jiran layi. A wannan halin wa zai tsaya yana tambayar ko tsani yana shiga ido? Kalmar da ta hau kiɗa ita ce ta ci. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar tafiyar ake kawo mana goran.

Ummu_Hanan:
Malam Sadik na gode, wannan bayani na fahimta. Da haka yaron ya ce, da ko kaɗan ban ji haushi ba. "Hajiya, sauri aka yi." Magana ta ƙare. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ya mayar da mu jahilai, mu da aka haifa cikin harshen nan. Gwaggo ta haura saba'in, karin maganar da ke kanta ya fi gashin kansa yawa.

Bagobiri_na_Isa:
Ku dakata, kada a yi saurin yanke hukunci. Ba duk abin da mutum bai gane ba ne shirme. Ni nan na sha zama da mutanen Kano ana sauraren Narambaɗa, su ce ba su gane rabin abin da yake faɗi. Shin Narambaɗa shirme yake? Makaɗin kotso ne na fada, Sarkin Gobir na Isa yake wa waƙa, da Hausarmu ta yamma, ga sunayen dawaki da kayan doki da sarautu da garuruwan da kai ba ka taɓa takawa ba. Wanda bai san tarihin Gobir ba dole abubuwa su wuce shi. Haka Ɗanƙwairo. Haka Ɗan Anace in yana wasa Shago, in ba ka san dambe da kirarinsa ba sai ka ji kamar wani yare ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Malam_na_Zaure:
Bagobiri, maganarka gaskiya ce, amma ita ce ma take kayar da yaron nan. Waƙar Narambaɗa in ta shige maka duhu, akwai inda za ka je. Ka sami dattijo a Isa ko Sabon Birni, ka rera masa ɗan waƙar, zai ce maka wannan kalma sunan wani irin doki ne, wancan habaici ne ga wani ɗan sarki da ya nemi sarauta bai samu ba. Ka je wurin dattijo na biyu, abin da zai faɗa ba zai yi nisa da na farko ba. Ƙofa ce a kulle amma da mabuɗinta. Har littattafai an rubuta a jami'o'i a kan waƙoƙinsa, don akwai abin tonowa.

Ruwa iri biyu ne ba a ganin ƙasansa. Akwai rijiya mai gaba ashirin, akwai kuma kududdufin da shanu suka dama. Dukansu in ka leƙa duhu za ka gani. Sai ka zura guga ka san bambanci: ɗaya igiya za ta yi ta tafiya, ɗaya kuwa ko idon sawu bai kai ba. Hajiya Ummu ta zura guga, ta tambayi mai waƙar da kansa. Hausawa suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To ga mai ita an tambaya, ya ce a je a tambayi wasu.

Ɗan_Fagge:
Allah ya gafarta Malam, wannan kududdufin ko agwagwa ba za ta yi iyo a ciki ba.

Hajiya_Turai:
Ku kuna ta mawaƙan situdiyo, ku zo Facebook ku ga marubuta. Su ne suka fi ba ni mamaki, don su ba ango a kansu, ba janareto. Mutum zai saka hotonsa ya dafe haɓa yana kallon taga, a ƙasa ya rubuta irin su:

Na sha inuwar shiru a ƙoƙon jiya,
Gobe ta haifi kakarta a bakin rijiya.

Sai ka ga sharhi ya fi ɗari. "Fasihi!" "Kai, wannan zurfi!" "Allah ya ƙara basira, shugaba." Ni kuwa rannan na rubuta a ƙarƙashin irin wannan, cikin ladabi, na ce ƙanina don Allah me baitin nan yake cewa? Ya amsa mini da cewa ma'ana tana wurin mai karatu. Na ce to ni ce mai karatun, kuma na duba wurina ban same ta ba. Kafin la'asar ya toshe ni.

Maman_Walid:
Hajiya kin kashe ni da dariya, yara sun zo suna tambaya ko lafiya. Masu cewa "fasihi" ɗin nan fa su ma ba su gane ba. Kowa tsoro yake kada a ce shi ne bai waye ba.

Ɗalibar_Hausa:
Bari in sa baki a matsayina na mai karatun Hausa a jami'a, aji uku. Abin da waɗannan mutane suke fakewa da shi sunansa salo, kuma salo gaskiya ne, ana koyar da shi. Akwai kamance, ka ce wane kamar zaki. Akwai siffantawa, ka ce wane zaki ne kai tsaye. Akwai mutuntarwa, ka ba abin da ba mutum ba halin mutum, kamar ka ce yunwa ta shigo gari ta shimfiɗa tabarma. Akwai dabbantarwa, akwai abuntarwa, akwai kambamawa. Amma kowanne da sharaɗinsa: dole a sami igiyar da ta ɗaure abu biyun. Zaki da jarumi, ƙarfi da kwarjini ne suka haɗa su. Giwa da sarki, girma. Inuwa da uba, kariya. Yanzu a gaya mini igiyar da ta haɗa amarya da tsani, kuma a cikin ido. Malaminmu in ka kawo masa nazari, tambayarsa ta farko ita ce mene ne turken waƙar, wato maƙasudinta. Dabba ko ta yi ta zagaye, tana da turken da aka ɗaure ta. Waƙoƙin nan sakakku ne, ba turke ba igiya.

"Alkyabbar numfashina" kam zan iya yi mata uzuri kaɗan. Alkyabba tufar girma ce, ana yafa wa amarya ma a wasu gidajen, ana iya cewa ita ce ta lulluɓe rayuwarsa da daraja. Sauran ukun ban da abin cewa.

Baban_Ikram:
Kin ga, ke kin yi masa aikin da shi bai yi ba. In ya ga wannan sharhi gobe zai ce dama abin da yake nufi ke nan.

Sadik_Fiyano:
Amma tsakani da Allah, yaushe Bahaushe ya fara damuwa da ma'anar waƙa? Iyayenmu sun shekara nawa suna kallon finafinan Indiya a silima, suna rera waƙoƙin daga farko har ƙarshe, ba su san kalma ɗaya ba? Har masu bandiri a Kano suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka ɗora yabon Annabi a kai. Karin ne ya ja su. Sannan "carman dudu" da 'yan mata suke yi a dandali, a fassara mini. "Ayye yaraye" fa? "Iye nanaye" da har aka sa wa waƙoƙin fim sunanta? Kunne yana da nasa abincin, ba komai ne na ƙwaƙwalwa ba.

'Yar_Damagaram:
Malam Sadik, mun yi gaɗa mun yi carman dudu a Zinder har ƙafa ta yi ciwo, amma ba wadda ta taɓa tsayawa ta ce mana akwai falsafa a ciki. "Ayye yaraye" wurin numfashi ne da tafi, kowa ya sani. Kuma da zarar an wuce amshin, abin da zabiyar gaɗa take faɗi a fili yake: auren dole, tsohon da ya zo neman yarinya, saurayin da ya tafi ci-rani bai aiko ba. Kakata in tana niƙa tana waƙa, baƙo zai ji kamar da tsuntsu take magana, wai wata tsuntsuwa mai dogon baki da ta sauka a dangar gida. Amma kishiyarta tana tsakar gida tana jin kowace kalma, har ta ajiye muciya ta shiga ɗaki. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Wannan shi ne duhun da yake da amfani, an ɓoye ne don kada maigida ya kama ta da laifi, amma saƙo ya isa inda aka aike shi.

Mu nan kuma namu salon daban ne, yara suna cusa Faransanci a tsakiyar baiti don a ce sun yi lakwal. Ku Ingausa, mu kuma tamu gaurayar. Tsohuwa tana saurare ta rasa ko yabonta ake ko sammaci ake karanta mata.

Ɗan_Fagge:
Maganar Indiya ta tuna mini. Wani maƙwabcinmu tela ya sa wa 'yarsa laƙabi da wata kalma da ya ji a waƙar Indiya, don ta yi masa daɗi a kunne. Sai da aka fara fassara finafinan nan da Hausa ya gano ma'anarta "mahaukaci". Yarinyar yanzu ta yi aure, sunan bai fita ba.

Hajiya_Turai:
Ɗan Fagge kada ka kai mu Bombay, mu dawo kan tsani.

Malam_na_Zaure:
Tunda an ambaci rubutacciyar waƙa, bari in ƙara wani abu. Magabatanmu da suka rubuta waƙa malamai ne na gaske, sun san Larabci, sun san aruli, ma'aunin da Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara. Da sun so su rikita mutane da sun fi kowa iyawa. Amma dubi Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Waƙoƙinta na Hausa jajis take koya wa, wato matan da ta naɗa jagorori, ta ɗora musu malfa, su tafi ƙauyuka su koya wa mata 'yan taru, matan da ba su taɓa riƙe allo ba. Da ta cika su da kalmomin burga, wa zai haddace? Dubi Aliyu Namangi na Zariya, makaho, mai Imfiraji. Har yau almajirai da makafi suna rera ta a bakin kasuwa da tasha, mai sayar da goro yana ji yana girgiza kai, malamin jami'a kuma yana rubuta kundi a kanta. Waƙa ɗaya ta ciyar da su duka biyun.

Ni a wurina gwaninta ke nan. Ka faɗi abu mai nauyi da kalmar da dillaliya za ta gane. Wanda ya kasa wannan shi ne yake gudu ya ɓuya a bayan "inuwar shiru".

Alƙalamin_Zazzau:
Malam, da girmamawa, ba duka ba. Sa'adu Zungur fa? Wanda ya karanta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ba tare da malami ko ƙamus a gefe ba, ya zo ya faɗa mana. Kalmomin Larabci, sunayen ƙasashe, tarihin da sai wanda yake bin labarin duniya a lokacin. Aƙilu Aliyu kuma wasa yake da harshe kamar mai dabo, wani baitin sai ka maimaita sau uku. Ishiriniya da Burda da ake karantawa a zaurukanmu, ba sai malami ya fassara ba? Ba wanda ya ce Alfazazi ko Busiri burga suke. Ina tsoron kada dariyar nan ta koma cewa duk waƙar da ba a gane ta a ji na farko ba a jefar. In aka bi wannan, sai a bar mu da waƙar talla kawai.

Ni ma ina rubutu, kuma an sha yi mini irin dariyar nan. Ga baiti ɗaya daga wadda na yi bara:

Tukunyar Inna ta bar tafasa,
Hayaƙinta bai bar idona ba,
Murhu ya yi sanyi tun kaka,
Ni ban daina hura shi ba.

Wani ya rubuta a ƙasa wai in sayi risho. Mahaifiyata ce ta rasu da kaka. Ban so in ce "Inna ta rasu ina kuka" ba, don ba haka abin yake a raina ba. Kullum na shiga gida madafarta nake fara kallo.

Ummu_Hanan:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. Ɗan'uwa, ni tun kafin in kai ga bayaninka na gane. Ina karanta layi na biyu na san mutuwa ce. Na karanta wa Gwaggo yanzu, tana nan gidana ba ta koma ba, ta ce, "Wayyo, uwarsa ce ta tafi." Ba wanda ya gaya mata. Wannan ba irin tsanin nan ba ne ko kusa.

Maman_Walid:
Allah ya gafarta mata. Wanda ya ce ka sayi risho bai da tarbiyya, ba ruwan waƙa a ciki.

Ɗalibar_Hausa:
Amin. Kuma ga igiyar da nake magana: hayaƙi yana sa hawaye, rashi yana sa hawaye. Tukunya da murhu kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wurin uwa ne. Komai a ɗaure yake. Sai dai Yaya Alƙalami, in ba za ka ji haushi ba, layi na ɗaya da na uku ba su yi amsa-amo ba, "tafasa" da "kaka", wasalin ne kawai ya zo ɗaya. Kuma layi na huɗu ya ɗan yi ɗingishi in ka rera.

Alƙalamin_Zazzau:
Na karɓa, kuma na gode da addu'o'i. Amma da gangan na bar shi haka. Da na matsa sai na sami amsa-amo, da na faɗa ramin da Baban Ikram ya ambata.

Baban_Ikram:
A nan kam ban yarda ba. Gwani shi ne wanda zai riƙe ma'ana ya riƙe amsa-amo ya riƙe kari, duka uku, ba ya saki ɗaya. Mu'azu Haɗeja ya yi, Aƙilu ya yi. A Kano har ƙungiyoyi aka yi na wannan sana'a, Hikima ta su Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta su Aƙilu Aliyu, ana karanta waƙa a gaban 'yan'uwa da gidan rediyo. Ka kawo gurgun baiti a irin wannan zama, a take za a nuna maka. Yanzu wa yake nuna wa wa? Kowa "fasihi" ne tun ranar da ya buɗe shafi.

Kuma game da Sa'adu Zungur, ka buɗe ƙamus ka nemi kalmarsa za ka same ta, kuma in ka mayar da ita cikin baitin sai ma'ana ta fito tsaf, jan kunne yake yi wa sarakuna da mutanen Arewa. Yanzu ɗauki ƙamusun Bargery na 1934, ka haɗa da na Jami'ar Bayero na 2006, ka nemi "gobe", "haifi", "kaka", "rijiya". Duk za ka same su. Ka mayar cikin baitin da Hajiya Turai ta kawo. Me ya fito?

Ɗan_Fagge:
Kaka ta faɗa rijiya.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Ghana. Ina bin ku tun safe. Mu a zango matsalarmu ta sha bamban. Yaranmu Hausarsu ta gauraya da Turanci da Tuwi, to in waƙa ta zo daga Kano ko Kaduna ba su gane ba, sai su ɗauka su ne Hausarsu ta gaza. Ɗana ya taɓa kawo mini wata a waya ya ce Baba fassara mini, na saurara sau uku na ce ɗana, wannan ko a Kano sai dai a yi rawa. Ya ƙi yarda, yana ganin ni ne na manta Hausa. Wannan yana mini ciwo, don yaro yana neman harshen kakanninsa ne a cikin waƙoƙin nan, sai a ba shi ƙaiƙayi. Alhali a ƙasar nan Alhaji Umaru ya zauna, haifaffen Kano, ya yi Salga ya ƙare a Karachi ta bakin kogin Volta, ya rasu 1934. Waƙarsa a kan talauci da wadata, da wadda ya yi kan zuwan Nasara, in aka karanta maka yau za ka ji kamar jiya aka rubuta.

Sadik_Fiyano:
Baba na Kumasi, wannan magana ta shige ni. Ban taɓa tunanin akwai yaron da yake koyon Hausa daga abin da muke haɗawa cikin dare ɗaya ba. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: masu saye su suke lalata mu. Ka yi waƙa mai ma'ana ka saka, mutum ɗari biyu su saurara. Ka yi "agogo na kuka a jinina" da kiɗa mai zafi, 'yan TikTok su ɗauki daƙiƙa goma sha biyar su yi ta juyi da ita. Mawaƙi shi ma cefane yake yi.

Bagobiri_na_Isa:
Shata ma cefane ya yi, har motoci aka ba shi. Kuma shi ba ya ma zama ya tsara, a fili ake buga kalangu ya ɗauka nan take. Ɗan Maraya da kuntiginsa shi kaɗai, ya yi wa karen mota waƙa, duk direba da yaron mota a ƙasar nan ya san da shi ake. Barmani Choge da ƙwaryarta, mata suna jin ta suna shewa don ta taɓo inda yake musu ƙaiƙayi. Sauri ba hujja ba ne, Sadik. Ni dai abin da na tsaya a kai tun farko, a riƙa tambaya kafin a yi dariya. In an tambaya ba amsa, to a yi dariyar da hujja.

Hajiya_Turai:
To ai ni na tambaya aka toshe ni.

Maman_Walid:
Ni fa ina ganin mu gwada. Kowa ya kawo layi ɗaya, mu haɗa waƙa a saka a Facebook ba tare da an ce wasa ba ne, mu ga mutum nawa za su ce fasihi. Ga nawa: "Tsintsiyar mafarki ta share wata."

Ɗan_Fagge:
"Kwaɗon zamani ya sa hular bara."

'Yar_Damagaram:
"Gishiri na sallama a ƙofar ƙaddara."

Malam_na_Zaure:
A'a jama'a, a yi wasan a nan cikin gida, kada a kai waje a yaudari mutane. Wanda zai ce "fasihi" wataƙila kara ce ya yi, kun san Bahaushe da kara. Kuma 'Yar Damagaram, ki yi hattara, naki layin ya kusa yin ma'ana. Gishiri in ya je ƙofar ruwa ai ƙaddararsa ta zo.

Alƙalamin_Zazzau:
Kun gani ko? Malam da kansa ya tono ma'ana a layin da aka yi don wasa. To ashe mai karatu ma yana da nasa rabon aikin. Abin da yaron da ya toshe Hajiya Turai ya faɗa ke nan, ko da bai iya faɗa ba.

Baban_Ikram:
Malam ya tono ne don Malam ne. Ka ba shi takardar kuɗin wuta ma zai fitar maka da wa'azi. Wannan ba ya mayar da mai rubuta takardar mawaƙi.

Ɗalibar_Hausa:
Wannan gardamar ko a aji ba mu gama ta ba, an shafe lacca biyu a kanta. Anti Ummu, don Allah in akwai sauran baitocin waƙar ki turo mini, ina so in kai wa 'yan ajinmu.

Ummu_Hanan:
Zan turo miki in na karɓa a wayar amarya, akwai wani wuri ma da ya ce ango "ƙofar gilashin damina" ne. Sabon labari kuma: yanzu ƙanin mijina ya kira, ashe yaron nan shi aka ɗauka zai yi waƙar bikinsu bayan Sallah, har an ba shi kuɗin kafin alƙalami. Gwaggo ta ce a kawo mata shi gida kafin ya shiga situdiyo, ya zauna a tabarma ya karanta mata baiti-baiti, duk wanda ya kasa fassarawa a cire. Malam Sadik, a wurinku ana yarda da haka, ko sai an ƙara kuɗi?

Sadik_Fiyano:
Ana yarda Hajiya, in dai an kawo aikin da wuri. Ku ba shi sati biyu, kuma a rage sunayen ƙawaye.